Fili, majami'a da gida: jagora ga malami Kirista mai horar da 'yan wasan makaranta a Maradi

Uwargidana ce ta fara kirana inuwar giginya. Wani daren Asabar na shigo gida bayan isha'i, ƙura har cikin kunnuwa, ina ta ba ta labarin yadda na goya wani yaron ƙungiyata a babur na kai shi likita saboda targaɗe, na tsaya a kansa har aka naɗe ƙafar. Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Maigida. Autarka ma tun Laraba zazzaɓi ke damunta, na kai ta an yi mata allura." Kwana uku muna gida ɗaya da yarinyar, ban sani ba. Na nesa na shan inuwa, na gindi na cikin rana.

Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da nake bi tun daga wannan dare. Na rubuta shi ne don malami mai bi da aka damƙa wa ƙungiyar ƙwallo ko ta guje-guje a kwaleji ko lise a nan Maradi, inda da wuya ka sami Kirista fiye da ɗaya ko biyu cikin yara ashirin da ke gabanka, inda kuma albashin da ke ciyar da gida shi ne wani lokaci ke sayen ƙwallo. Yadda na jera matakan, haka ya kamata a bi su. Wanda ya fara daga fili da niyyar zai waiwayi gida daga baya, ba zai waiwaya ba. Na gwada.

Mataki na 1: Zaman Satumba da uwargida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantu na buɗewa wajen farkon Oktoba, don haka tun cikin Satumba, ana hada-hadar girbin hatsi, ka sami wani dare da yara suka kwanta ku zauna da takarda da biro. Abu huɗu za ku yanke, kuma a rubuta su, domin maganar baka takan narke da zarar gasa ta ɗauki zafi.

Na farko, yammaci nawa za a ba fili a mako. Ni Litinin da Laraba ne na atisaye mai ƙarfi, sai Juma'a da yamma na minti 45 kawai idan akwai wasa ranar Asabar. Yara masu karatu ba sa bukatar fiye da haka. Mai horarwa ne ke bukata, don shi ne ke jin daɗin a kira shi Mushe (yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci) a tafa masa.

Na biyu, kuɗi. Ku yanke iyakar abin da zai iya fita daga aljihun gida zuwa fili a wata, ko jikka biyu ne ko biyar, gwargwadon ƙarfinku, bayan an cire baikon majami'a da cefane da kuɗin makarantar yaranku. In ya ƙare ya ƙare. Ruwan leda yau, kuɗin kabu-kabu gobe, facin ƙwallo jibi, haka buhun hatsi ke zurarewa ba a gani.

Na uku, sujadar iyali. Da dare muke yi a dā, sai ya zama ina gyangyaɗi ana karatu, ko in iske yara sun yi barci. Muka mai da ita asuba. Kiran sallar masallacin unguwa shi ne agogonmu: waƙa ɗaya, ayoyi kaɗan, kowa ya faɗi abin da za a yi wa addu'a, minti goma zuwa goma sha biyar an gama. Gara gajeriya kullum da doguwa sau ɗaya a mako.

Na huɗu shi ne wanda maza ba su so: ta sami ikon kiranka daga fili, kai kuma ka taho ba tare da cewa "bari a tashi wasa" ba. Ranar zumuntar mata kuwa, kai ne da yara. Manzo Bulus ya yi wa Timoti tambaya a kan shugabannin ikilisiya, cewa wanda ya kasa riƙe gidansa ta yaya zai kula da jama'ar Allah (1 Timoti 3:5). Ba a kan masu horar da 'yan ƙwallo ya yi ta ba, amma ta kama mu.

Mataki na 2: Haɗa kalanda uku a takarda ɗaya

Ka ja layin watanni daga Oktoba zuwa Yuni. Fara da na makaranta: jarrabawar zango, hutu, da lokacin da 'yan BEPC (jarrabawar gama kwaleji) da 'yan Bak (ta gama lise) za su shiga bita. Ɗora na majami'a: Kirsimeti, makon Ista, taron matasa, ranar godiyar kaka. Sannan na 'yan wasanka: azumi, ƙaramar salla, babbar salla, Mauludi. Azumi yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, saboda haka tsarin bara ba zai yi maka bana ba.

Akwai kalanda ta huɗu da ba a rubutawa, ta sararin sama. Oktoba da sauran zazzaɓin cizon sauro, yara da yawa na dawowa hutu a rame. Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, shi ne zinariyarka: duk wani aiki mai nauyi da manyan wasanni a tura su nan, sai dai ranar da hazo ya yi kauri a rage gudu saboda masu asma. Daga Maris zuwa Mayu zafin Maradi kan haura digiri 40. Ka kuma sa alama a makon kokowar takobi, wadda a 'yan shekarun nan galibi ƙarshen Disamba ake yi. Yankin da ya haifi Yakuba Ango Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobi a Tahoua a 1975, ba za ka raba yaransa da rediyo da talabijin a makon nan ba. Ka ba su hutu, kai ma ka je ka kalla.

Lokacin atisaye kuwa salla ce ke yanke shi: a fara bayan la'asar, wajen huɗu da rabi, a tashi da sauran rana yadda kowane yaro zai isa gida kafin magariba. A Disamba rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe shida, don haka ƙarfe shida saura kwata ka busa usur. Kada ka taɓa sa yaro ya zaɓa tsakanin sallarsa da atisayenka. Uban da ya ga ɗansa na shigowa bayan magariba saboda "malamin nan Kirista" ya riga ya yanke hukunci a kanka, kuma da gaskiyarsa.

Mataki na 3: Darakta, sannan iyaye

Wajen darakta takarda kake so: izinin amfani da fili, ranakun atisaye, wanda zai ɗauki nauyi in yaro ya ji rauni, da abin da makaranta ko ƙungiyar iyayen yara za su iya bayarwa. Wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Iyaye ne aikin. Ka ba kowane yaro takardar izini, amma zuwa da kai ya fi aike. Yara 20 ne, gida biyu a yini, cikin mako biyu ka gama, ko a Zariya suke ko Bagalam ko Sabon Gari. Ka yi sallama, ka tsuguna ka gaida maigida yadda ya kamata, ka bari ya gama tambayar iyali da aiki, sannan ka ce, "Baba, ni ne malamin wasanni na ɗanku. Na zo ku san fuskata, ku kuma ji lokacin da zai riƙa dawowa." Kada ka ɓoye cewa kai Kirista ne, kada kuma ka mai da shi kan magana. Sunanka ma yakan faɗa. In an tambaya ka amsa kai tsaye, ka ƙara da cewa sallar yaro da azuminsa suna gaba da ƙwallo a wurinka. Mu a yankin nan ba baƙin juna ba ne. Tsofaffi da yawa sun san mishan ta Tsibiri da likitar Danja tun kafin a haife ka.

A wannan zaman ne za ka yi tambayoyin da yaro ba zai faɗa maka ba: yana da sikila? asma? farfaɗiya? ya taɓa suma yana gudu? Sikila ta yawaita a ƙasarmu, kuma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishi na tayar da ita. Mai irin wannan lalura sai da takardar likita. Ka karɓi lambar waya biyu a kowane gida.

In 'yan mata za ka horar, ƙwallon hannu ko na raga ko gudu, to da uwa za a yi magana, kuma ka tafi da malama. Ka gaya musu yarinya za ta yi wasa da dogon wando da lulluɓin kai. Ko a dokar ƙwallon ƙafa ta duniya an amince da rufe kai tun 2014. Ka kafa wa kanka doka mai tsauri: babu atisayen 'yan mata sai da malama a fili, ba ka goya ɗaliba a babur, ba ka keɓewa da kowane ɗalibi a ɗaki, ba ka tura wa yaro saƙo shi kaɗai da dare. Sanarwa ta bi ta zauren WhatsApp da iyaye ke ciki. Wannan kariya ce gare su, kariya ce ga aurenka da sunan ikilisiyarku.

Mataki na 4: Zaɓen 'yan wasa da maganar shekaru

Ka yi gwaji na kwana uku, kowa ya zo. Ranar farko gudu da sarrafa ƙwallo, ta biyu wasan biyar-biyar a ƙaramin fili inda ba mai iya ɓuya, ta uku cikakken wasa. Ka nemi wani malami ya zauna gefe da nasa biro, ku gwama abin da kuka gani. Ɗauki 18 zuwa 22, da masu tsaron gida biyu aƙalla. Waɗanda ba su shiga ba ka faɗa musu da bakinka, kada su gani a allo.

Za a matsa maka. Ɗan Alhajin da ya yi alkawarin riguna, ɗan abokin aiki, har ɗan dattijon ikilisiya wanda mahaifiyarsa za ta tare ka a ƙofar majami'a ta ce ai naka naka ne. Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, ta yi magana a kan mai zoben zinariya da aka ba kujera, matalauci aka ce ya tsaya can. Benci ma kujera ce. Yara sun fi ka sanin wanda ya iya ƙwallo a cikinsu, kuma ranar da ka sa ɗan majami'arku a gaban wanda ya fi shi, ka gama wa'azin da za ka yi musu har abada.

Sai babbar jarrabawa, shekaru. Za a zo maka da gardi mai gemu da takardar haihuwa mai cewa shekararsa 15, ko a ce ga wani gwani a unguwa, ba ɗalibi ba ne amma a ara masa katin wani. Za a ce kowa na yi. Ciwon ya kai har FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17 ta duniya da aka yi a Najeriya a 2009. Kai ba ka da na'ura, amma kana da rajistar makaranta. Dokata: wanda ba ya cikin rajista kuma ba ya shiga aji, ba ya sa rigarmu. Na taɓa rasa wasan kusa da na ƙarshe a hannun ƙungiyar da mai tsaron bayanta na san shi da tuƙin kabu-kabu. Ya yi mini ciwo har mako guda. Amma Bulus ya ce ɗan wasa ba ya samun rawani sai ya bi ƙa'idar wasan (2 Timoti 2:5), kuma ba zan iya karanta wannan da asuba in ari kati da la'asar ba.

Ka haɗa wasa da maki. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da 10 bisa 20 yana zuwa atisaye, amma ba ya buga wasa sai ya gyara. Yaran sun ga gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka buga wani ɓangarenta a filin Maradi a 2019, wadda Mali ta ɗauka, sun san Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar, ta je gasar Afirka a 2012 da 2013, sun san Alfaga da azurfarsa ta tekwando a Riyo a 2016. Kowa na mafarki. Kada ka kashe mafarkin, amma ka faɗa musu gaskiya cewa mafi yawansu takardar Bak ce za ta ciyar da su.

Mataki na 5: Yadda yammaci ɗaya ke tafiya

Ka riga yara zuwa da minti 15. Ku jeru kafaɗa da kafaɗa ku taka fili daga raga zuwa raga, a tsince kwalba, ƙusa, ƙaya da ƙarangiya, tunda da yawa da takalmin roba suke wasa, wasu ma ba takalmi. Kayan aiki ba sai masu tsada ba: ƙwallo huɗu, famfo da allura, usur, robobin ruwa da aka cika da yashi a madadin alamomi, toka don jan layi.

Minti 20 na farko ɗumama jiki ne: sassarfa, gudun gefe, gudun baya, tsalle da koyon dira da gwiwa a lanƙwashe, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Akwai tsarin da FIFA ta yaɗa mai suna 11+, minti 20 ne, an yi shi don rage rauni, ba ya bukatar kaya. Minti 20 na biyu fasaha guda ɗaya tak, ko miƙa ƙwallo ko tarewa ko bugun raga. Sai minti 20 na ƙananan wasanni masu sharaɗi, misali taɓawa biyu kawai, sannan minti 15 na cikakken wasa. Minti biyar na ƙarshe a miƙe jijiyoyi a zaune, ka yi magana gajeriya.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne dogon layi: yara 20 na jiran ƙwallo ɗaya, ni ina lacca. Raba su gida huɗu, kowane gida da ƙwallonsa. Kuma ka daina hukunta su da zagaye fili, kana koya musu cewa gudu azaba ne. Wanda ya makara ya kwashe kaya bayan an tashi.

Mataki na 6: Zafi, ruwa da azumi

Ruwa ba lada ba ne da ake ba wanda ya yi ƙoƙari. Jarka biyu a inuwa, an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, a sha kowane minti 15 zuwa 20. Daga Maris ka rage atisaye zuwa awa ɗaya, a fara ƙarfe biyar. Ka riƙe 'yan ƙunshin gishiri da sukari na likita. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Yaron da ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko jikinsa ya yi zafi rau, wannan ba ragwanci ba ne. A kai shi inuwa, a cire riga, a kwarara masa ruwa a jiki duka ana fifita, a nemi abin hawa zuwa likita nan take. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki.

Da azumi, ni ba na sa gudu ko kaɗan. Sau biyu a mako, minti 40 dab da shan ruwa, taɓa ƙwallo da tsara tsayuwa kawai, wanda bai iya zuwa ba babu laifi. In azumin ya faɗo tsakiyar bazara, rufe atisayen ya fi. Kuma kada ka tsaya gabansu kana kwankwaɗar ruwa. Ba dokar addininka ba ce, kunya ce irin ta gida.

Mataki na 7: Rauni

Akwati ƙarami ya isa: bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, filasta, almakashi, safar hannu, da littafin lambobin iyaye. Targaɗe: a huta, a sa ƙanƙara cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a naɗe, a ɗaga ƙafar. Kada a ja, kada a murza. In yaro ya kasa taka ƙafar ko wurin ya canza siffa, a ɗaure da katako yadda yake a tafi hoto. Iyaye da yawa za su ce a kai wa mai ɗori. Ba na faɗa da su, roƙo nake: "Baba, a fara ɗaukar hoto a ga abin da ke ciki, sannan ku yanke." Wanda ya bugu a ka har ya ga jiri ko ya yi amai, ya gama wasa a ranar ko da shi ne mai ci mana ƙwallo, kuma ba ya dawowa sai likita ya duba shi.

Mataki na 8: Bangaskiyarka a fili

A nan ne matasan malamai masu zafin bishara ke tuntuɓe. An ba ka yaran nan amana ne don wasa. Suna ƙarƙashin ikonka, kai ke cewa wane ya shiga wane ya zauna, saboda haka duk wa'azin da ka yi musu a fili akwai tilas a cikinsa ko ba ka nufa ba. Ba na raba takardun bishara, ba na gayyatar ɗalibi majami'a a bayan iyayensa. Kafin wasa nakan ce kowa ya yi addu'a. Kyaftin ya ja su Fatiha, ni da ɗan Kiristan da ke ciki mu sunkuyar da kai mu yi tamu, a shafa a shiga fili. In yaro ya tambaye ni abin da na gaskata, nakan amsa masa a fili, gajere, a gaban 'yan'uwansa. Sunayensu kuwa, ɗaya bayan ɗaya, suna cikin addu'armu ta asuba a gida. Ba na roƙon mu ci wasa. Uwar mai tsaron gidan can ma tana addu'a. Lafiya nake roƙo, da a tsare bakina.

Bakin nan shi ne wurin da ake gwada ka. Ashar ta zama ruwan sha a filayenmu, alƙalin wasa kuwa har kakanninsa ake ambata. Yaran na kallonka lokacin da aka hana ku fenariti na gaskiya. Na taɓa bin wani alƙali har tsakiyar fili ina daka masa tsawa. Washegari a atisaye na tara yaran na ce na yi laifi, na kuma je na sami mutumin na ba shi haƙuri. Wani daga cikinsu, bayan shekaru, wannan kaɗai ya ce yana tunawa da ni.

Sai maganar asiri. Ana gab da babban wasa wani zai kawo shawarar a haɗa kuɗi a kai wa wani malami ko boka, a binne abu a raga, a yayyafa rubutu a riguna. Ka ce kuɗin ƙungiya ba ya zuwa nan, kai ma ba ka zuwa, ba tare da zagin kowa ba. Abin da yaro ya ɗauro daga gida kuwa, doka ta hutar da kai: dokar ƙwallo ta hana sarƙa, zobe, awarwaro da abin fata a jiki lokacin wasa. Laya da kambu su fita, sarƙar gicciye ma ta fita, duk a zuba a jaka ɗaya a mayar wa kowa bayan an tashi.

Mataki na 9: In wasa ya faɗo ranar Lahadi

Tun a taron tsara gasa ka ɗaga hannu ka roƙi a kauce wa safiyar Lahadi, kamar yadda ake kauce wa lokacin sallar Juma'a. Sau da yawa ana yarda in an faɗa da wuri. Ka kuma tanadi mataimaki, malami ko tsohon ɗan wasanka, wanda zai iya riƙe ƙungiya in ba ka nan.

Masu bi sun rabu a kan wasan yammacin Lahadi. Ana yawan kawo misalin Erik Lidel, ɗan Sukotilan da ya ƙi gudun mita 100 a gasar Olimfik ta Faris a 1924 don an sa zagayen farko ranar Lahadi, ya koma mita 400 ya ci zinariya. Ba a cika faɗin ƙarshen labarin ba. Ya tafi Sin aikin mishan da koyarwa, ya rasu a sansanin da Japanawa suka tsare su a 1945, kuma waɗanda suka zauna da shi sun ba da labarin cewa da yaran sansanin suka yi wasa su kaɗai ranar Lahadi har faɗa ya kaure, sai ya fito ya yi musu alƙalanci. Don kansa ya ƙi, don yara ya yarda. Ni matsayina: sujadar safe ba ta taɓuwa, wasan yamma ina zuwa in ba makawa, da sanin uwargida da fasto, kuma ranar Litinin ba atisaye, ta gida ce. Romawa 14:5 ta bar wa kowa ya tabbata a zuciyarsa. Abin da ba shi da kyau shi ne ka yanke shawara ranar da wasan ya zo. Ka yanke tun Satumba.

Mataki na 10: Ɗanka, da ƙofar gida

In ɗanka na cikin ƙungiya, mataimakinka ne zai yanke ko ya shiga ko ya zauna. A fili Mushe zai ce maka kamar kowa, a gida Baba. Kada ka fi tsananta masa don a ce kana da adalci, wannan ma zalunci ne, kuma Afisawa 6:4 ta gargaɗi ubanni a kan tsokanar 'ya'yansu har su yi fushi. A kan babur in kuna komawa, kada ka buɗe maganar kuskurensa sai in shi ya tayar. In kuwa ba ya son ƙwallo sam, ya fi son ganga a ƙungiyar mawaƙa, ka je ka zauna ka saurare shi yadda kake tsayawa a bakin fili don 'ya'yan wasu.

Ranar da aka ci ku, ka tsaya a zaure ko bakin ƙofa minti biyu kafin ka yi sallama. Kashe wayar, don masu sharhi ba za su bari ba. Shiga, yi wanka, tambayi kowa yadda ya yini kafin a tambaye ka nawa da nawa. Ranar da kuka ci ma haka, sai dai ka biya ta wurin mai tsire.

Rufe shekara

Farkon Mayu ka sallami 'yan ajin jarrabawa gaba ɗaya, tsakiyar wata ka rufe sauran. Karɓi riguna a ƙirga, a wanke, a sace iskar ƙwallaye a ajiye a ofishin darakta, ba a ɗakinka ba. Rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita har dala ɗaya, kwafi ga darakta, kwafi ga ƙungiyar iyaye. Ka sake zagaya gidajen nan ka yi godiya, ko da a tsaye ne. Sannan ka ɗauko takardar Satumba ku zauna da uwargida, ita ta riƙe biro, ta bi layi-layi tana sa alama a inda aka cika da inda aka karya. Bara layi biyu ta ja mini a ƙarƙashin maganar kuɗi, saboda takalman da na saya wa mai tsaron ragar ƙungiyarmu ban faɗa mata ba.